Tagwayen da Babanka Ya Naɗa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga Tasawa, zuwa ga ɗana Ɗanladi a Yamai. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata ka sauka lafiya, ka sami masauki na kirki, kuma masu ƙungiyar kiɗan da suka kira ka sun karɓe ka hannu biyu. Allah Ya tsare ka a hanya da cikin gari, Ya raba ka da mugun aboki da mugun ciwo. Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Kada ka yi wa rubutuna dariya, ka san da girmana na koye shi a karatun manya. Labarin gari kuwa ba zan ba ka ba, direban da ya kawo maka wannan takarda da ɗan ƙunshin da ke tare da ita zai ba ka har ka ce ya isa. Magana ɗaya ce ta zaunar da ni. Ka fita gidan nan kai da babanka ba ku haɗa ido ba. Ka durƙusa ka ce za ka tafi, ya ce Allah Ya kiyaye yana kallon bango. A kan me? A kan mikiro, ɗan abin nan da bai cika tafin hannu ba, wanda ake kwantarwa ƙarƙashin tsirkiyar gita ya ɗauki muryarta ya kai wa ampili, akwatin da ke ƙara mata ƙarfi. Ka cire wanda ya naɗa maka da hannunsa ka sa na kanti, ka ce nasa yana ziza, shi kuma ya ce ba ya yi. Kai ke da gaskiya, yana yi. Amma babanka ba taurin kai ya yi maka ba. Kunnensa ne ya fara mutuwa, Ɗanladi, kuma na daɗe da sani. Ba na son kunnen ya ƙarasa mutuwa kuna cikin wannan gaba.

Bari in koma baya, don ka san mutumin da ka yi fushi da shi.

Bayan samun mulkin kai da ’yan shekaru, kana lakkwal, wato makarantar boko, ba ruwanka da komai sai ƙwallo, gyaɗa ce sarauniya a ƙasar nan. Da kaka ta yi, raƙuma da jakuna su yi ta shigowa daga Bawudeta da ƙauyukan Mayahi, buhuna su taru a filin awo har su tsere wa soraye tsawo, manyan motocin kaya kuwa, kamiyo na shiga kamiyo na fita. Kowa ya sayar da gyaɗarsa sai ya sayi rediyo, rediyo kuwa in ta yi shiru sai a kawo ta shagon Isufu mai gyara, wato babanka. A cikin akawunan awo akwai wani ɗan Dahome mai jar gita ta lantarki, irin wadda ba mu taɓa gani ba. Mu da muka saba da gurmi da garaya, sai ga abu yana kuka ta cikin akwati. Ran nan ta daina magana, ya kawo ta shago kamar zai yi kuka.

Babanka ya kwance ta, ya ciro mikiron, ya ɓare murfinsa, ya daɗe yana kallo. Can ya ƙwala mini kira daga cikin gida.

“Dije! Zo ki ga ikon Allah. Babu batir, babu komai. Maganaɗisu ne kawai da waya siririya an naɗe masa. Tsirkiya ta motsa, shi kuwa ya ji.”

Na ce, “To Malam, ka iya gyara shi?”

Ya ce, “Wanda ya yi shi hannu biyu gare shi.”

Wallahi ranar na ƙara son mutumin nan. Ba littafi, ba malami, ya je wurin gawar wata kamiyo ya ciro bobin, ya fasa, ya warware wayar jan ƙarfe mai siririn gashi daga ciki. Ya fara naɗi da hannu, abin ya ƙi ci gaba, sai na ga yana satar kallon keken ɗinkina. Na ce haba Malam, keken da nake ɗinka wa matan gari riguna? Sai ya sassaƙa ɗan katako ya ɗaura a jikin ƙafar keken da ke juyawa. Daga ranar ni ke takawa, ni ke riƙe waya tsakanin yatsu biyu, shi yana gefe yana cewa sannu-sannu. Mikiron da ka tashi kana gani a shagon nan, babu wanda bai bi ta yatsuna ba.

Shirmena na farko ga shi. Ina cikin naɗi aka kira babanka waje, ni kuwa na ga abin ya zauna mini a ƙafa, sai na saki gudu kamar ina kalmasa zani. Tsit, waya ta tsinke. Me tela take yi in zare ya tsinke? Ƙulla shi na yi, ƙulli mai kyau wanda ko allura ba za ta ji shi ba, na ci gaba da naɗi ina jin ni gwana. Aka gama, aka tsoma shi cikin narkakken kakin zuma don kada ya yi rawa, aka ɗaura a gita, akawu ya zo da abokansa. Ya kaɗa, shiru. Ya ƙara kaɗawa, ko tari akwatin bai yi ba. Da babanka ya ji abin da na yi, dariya ya yi har ya riƙe ciki. Ya nuna mini cewa wayar tana da wata ’yar riga a jikinta wadda ido ba ya gani, sai an kankare ta an haɗa bakin da dalma kafin wuta ta bi. Ya zauna ya warware aikin kaf muka sake daga farko, ko tsaki bai yi ba. Kai ma ka shiga cikin mutanen da suka riga ka a sana’a. Abin da ka iya a nan ba lalle ya ci a can ba. In abu ya tsinke maka a hannu ka ɗaga kai ka tambaya, kada kunya ta sa ka ƙulla ka rufe.

Da aka ji an tayar da gitar akawu, sai masu kiɗa suka fara zuwa daga Maraɗi, har daga Damagaram. A nan na gane cewa mikiro ba ɗaya ba ne. In ka yi masa naɗi kaɗan, muryarsa siririya ce, tas, kowace tsirkiya da bakinta. In ka cika masa naɗi sai ya yi ƙarfi ya yi kauri, amma ya rasa wannan kaifin. Wurin zamansa ma magana ne. Wanda ke kusa da wuyan gita muryarsa zagaye take, mai taushi. Wanda ke gindi kusa da jakin gita, inda tsirkiya ta ɗaure tamau, shi ne mai tsiwa, ana jinsa daga bayan kasuwa. Ka san duk wannan fiye da ni yanzu, amma ni da ƙafata na koye shi, don haka bar ni in yi alfaharina.

Babanka yana da al’ada, ba ya raɗa wa mikiro suna sai an fita da shi gaban jama’a an ji yadda yake. Ya ce a shago kowa mai ladabi ne. In an dawo da labari sai mu zauna mu ba shi sunan da ya dace da muryarsa. Akwai Amarya, wadda sai ka kasa kunne kafin ka ji daɗinta. Akwai Mai Awo, don ƙarfinsa irin na mutumin da ke kiran buhuna a fili. Akwai Ladan, wanda ya yi maka da ka fara kiɗa, mai murya doguwa tsarkakakkiya. Ya fi son Ladan a kan duk abin da ya taɓa yi, shi ya sa ya ba ka shi.

A wurin raɗa sunan nan na yi ɓarna ta biyu, kuma har yau in na tuna sai na rufe fuska. Mun yi wani na gindi, mai tsiwa na gaske, in aka taɓa shi kamar ana yi maka faɗa ta kan katanga. Babanka ya ce, “Dije, wannan fa?” Bakina bai tsaya shawara da ni ba, na ce, “Wannan ai Gwaggo Tabawa ce.” Ka san Gwaggo, ƙanwar kakanka da ke Mayahi, wadda in ta yi sallama a ƙofa kaji ke watsewa. Muka yi dariya mu biyu, na ɗauka a nan ta tsaya. Ashe mai gitar yana bakin ƙofa ya ji. Bayan kwana biyu ana bikin wani ɗan kasuwa a Mayahi, jama’a cike da fili da la’asar, sai mai waƙa ya juya ya ce da mai gita da ƙarfi, “Kashe na wuya, sako mana Gwaggo Tabawa ta yi musu masifa!” Gwaggo kuwa tana zaune a sahun gaba cikin manyan mata.

Tabɗi! Ranar kasuwa sai ga ta a kan kamiyon gyaɗa. Ta tsaya tsakar gida ta ce, “Ina mai suna? Ina wadda ta haifi ƙarfe ta sa masa sunana?” Na durƙusa har goshina na taɓa ƙasa. Babanka ne ya cece ni. Ya ɗauko gitar, wadda mai ita ya kawo gyara, ya ce, “Gwaggo, ki ji ta tukuna.” Ya kaɗa mata a na wuya, ya ce wannan in taro ya cika ɓacewa yake. Ya mayar a nata, ya ce wannan kuwa ko mutum dubu ne sai sun saurara. Gwaggo ta gyara mayafi, ta ce, “To, ai gara a ji mutum.” Ta ci tuwo ta koma, amma ta shekara ba ta amsa gaisuwata da fara’a ba. Ɗanladi, kana da bakina, na sani. A ƙungiya za ka ga mai ganga mai gaggawa da mai waƙa mai ji da kai, kuma sunan tsokana zai zo maka a harshe da daɗi. Haɗiye shi. Suna ba ya zama inda aka raɗa shi.

Can birni kuma za ka tarar da sunaye iri-iri, kada su ruɗe ka. Na ji su a bakin masu zuwa shago. Ɗan kasuwa yana kiran mikiro da garin da ya fito, na Legas, na Kwatano, na Faransa. Wani yana kiransa da siffarsa, wannan sabulu don faɗinsa, wancan jan-baki don yana kama da ’yar kwalbar shafawar mata. Takardar Nasara tana kiransa da yawan naɗinsa, mai ɗaya ko mai biyu, ko ta manna masa haruffa da lambobi da ba su gaya maka komai ba. Mai kiɗa kuma da wurin zamansa yake kiransa. Sai ka ga mutum huɗu suna gardama, ashe abu ɗaya suke nufi. Babanka ya fi su dabara a ganina, don sunansa yana gaya maka abin da kunnenka zai ji. In an miƙo maka wani ana yabon sunansa, ka tambayi naɗinsa nawa, ka tambayi inda zai zauna, sa’an nan ka ce a ɗaura ka ji.

Kai kam ba a sayar maka da suna ba, wannan na shaida. Tun kana ƙarami in ana gyaran rediyo kai ke cewa akwai wani abu yana ƙara a ƙasa, a duba a tarar haka ne. Ban taɓa faɗa maka ba don kai ɗan fari ne, ba a yabonku a ido. A takarda dai ba ka ganin fuskata, don haka ga shi: in kana kiɗa, aikina nake ajiyewa. Ranar da ka yi wasa a filin awo na laɓe bayan buhuna ina ji har tuwona ya kama. Ban taɓa jin hannu irin naka ba, kuma na ji hannaye da yawa a shagon nan.

Saura babbar, wadda ta sa na ɗauki alƙalami.

Da ka dawo daga wasa a Maraɗi ka ce a ƙarƙashin dogayen fitilun nan farare Ladan yana ziza kamar sauro, har masu rawa suna juyowa. Ka zo da na kanti mai naɗi biyu, ka yi bayani da ladabi cewa an naɗa ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, zizar da wannan ya ɗauko sai wancan ya kashe ta, muryar tsirkiya kaɗai ta wuce. Babanka ya ce surutun ’yan kanti ne, mai naɗi biyu muryarsa a toshe take kamar mai mura. Kuka tayar da injin cajin batir a shago, don shi ma yana jawo ziza kamar fitilun, kuka mayar da Ladan, kuka buɗe ampili. Zizar ta fito, na ji ta tun daga bakin ƙofa. Babanka ya karkata kai ya saurara, ya ce, “Ina take?” Sa’an nan ya juyo gare ni.

“Dije, kin ji wani abu?”

Na ce, “Ban ji ba.”

Kallon da ka yi mini har yanzu yana nan a ƙirjina. Ka cire Ladan ka ajiye, ka ɗauki gitarka ka fita.

Ga dalilina, ko da yake ba ya wanke ni. Na daɗe ina zame masa kunne bai sani ba. In ya gyara rediyo ya ce ta yi, ni kuwa ina jin ’yar ƙara, sai in ce Malam ɗan ƙara duba wajen nan, kamar da wasa. Mutumin da garin nan kaf ke kawo wa abu don ya saurara, ta yaya zan ce masa a gaban ɗansa ba ya ji? Na ɗauka rufa masa asiri nake yi. Ashe na mayar da kai maƙaryaci a idonsa, na mayar da shi azzalumi a idonka. Ka yafe mini. Kuma ka riƙe wannan: in wanda kake ƙauna ya tambaye ka gaskiya, ka nemi lafazi mai taushi, ka nemi wurin da babu kowa, amma ka ba shi ita.

Bayan tafiyarka shagon ya yi tsit. Ran nan da hantsi ina shara sai ya kira ni, ya rufe ƙofa, ya tayar da injin, ya ɗaura Ladan a tsohuwar gitarsa. Ya ce, “Yaron nan bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ki dubi Allah, Dije. Yana yi?”

Na ce, “Yana yi, Malam.”

“Tun yaushe nake haka?”

Na gaya masa. Ya zauna a kan benci ya dafe gwiwoyinsa, ni kuwa hawaye suka zubo mini. Na jira faɗa, bai zo ba. Da ya ɗago sai ya ce, “Ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu ya ce ko?” Na ce haka ka ce. Ya ce, “Yaron ya fi ni. Ɗauko kekenki.”

Ka ga mutumin da nake gaya maka. Da furfurarsa, da kunnen da ya gudu ya bar shi, ya zauna koyon abin da ɗansa ya faɗa masa sau ɗaya a tsaye. Ya sassaƙa katako biyu, ya juya wa maganaɗisun ɗayan kai. Na farko da muka yi muryar tsirkiyar ce ta mutu, zizar kuwa tana nan, don mun haɗa bakin waya a juye. Ya yi dariya ya ce yau shi ne ya yi ƙullin tela. Muka sake. Ya rage wa kowanne naɗi, ya ce ba ya son ya toshe maka murya kamar na kanti, yana son kaifin Ladan ya zauna a ciki. Da aka tsamo shi daga kaki aka ɗaura, ya tayar da injin, ya ɗora tafinsa a kan akwatin ampili, don yanzu da hannu yake ji. Na saurara iyakar saurarona. Shiru, Ɗanladi, sai tsirkiya kaɗai, kuma muryar tana da daɗi har tsikar jikina ta tashi.

Na ce, “Malam, babu. Wallahi babu.”

Ya dube ni ya ɗan yi murmushi, ya ce, “Kin taɓa ce mini babu.”

Ya naɗe shi a tsumma ya miƙo mini, ya ce, “Aika wa yaron. Ya fita da shi gaban jama’a, ƙarƙashin fitilun can nasu. Abin da ya ce shi ne.”

Shi ne a cikin ƙunshin nan. Muna ce masa tagwaye don a gane abin da ake nufi, amma ba shi da suna, babanka ya ce kai za ka raɗa. Ban ce ka cire na kanti don ka faranta mana ba. Ka ɗaura shi, ka kaɗa shi a taro, ka saurara da kunnen nan da Allah Ya ba ka. In ya yi, ka ce ya yi. In yana ziza, ka ce yana ziza, ka faɗi a inda yake yi, zai sake wani. Kada ka tausaya masa irin tausayina, ya ƙoshi da shi. Kuma shi za ka rubuto wa, ba ni ba.

Kada ka ja lokaci. Duk ranar da motar Yamai za ta shigo, sai ya rufe shago ya sa hularsa ya tafi tasha, wai yana jiran kayan gyara. Ni ke riƙe da makullin akwatin kaya, na san bai aika a sayo komai ba.

Allah Ya tsare mini kai, Ya tsare hannunka da kunnenka da sallarka. Allah Ya ba ka farin jini a wurin mutanen kirki, Ya kai ka inda ba mu kai ba, Ya maido mana da kai lafiya muna da rai. Amin.

Innarka,
Dije